Jirgin ƙasa na zuwa Daura, wa zai rubuta masa manhaja?

1/ 'Yan uwana matasan Daura, ku ba ni aron hankalinku. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun samu gine-gine, amma ba mu zauna mun yi lissafin ta ina kuɗi za su riƙa shigo mana ba.

2/ A zamanin marigayi Shugaba Buhari, Allah Ya jiƙansa, aka kawo mana kwalejin fasaha ta tarayya. A Disamba 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda zai ratsa ta Daura.

3/ Alhamdulillahi. Sai dai albashin ma'aikatan wuraren nan daga Abuja yake zuwa, kuma wanda ya tsaya mana a can ya riga mu gidan gaskiya. Yanzu kam sai abin da hannunmu ya yi mana. A ganina, rubuta manhaja na cikin sana'o'in da za mu iya kamawa ba tare da babban jari ba.

4/ Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Mutanen da suka rantse ba za su karɓi komai ba sai tsaba, dole ta sa suka koma tiransifa da POS. Yau ko mai shayi yana da lambar OPay ko Moniepoint. Duk cinikin da aka yi, akwai ɗan abin da ake cira, kuma Legas yake tafiya, wurin waɗanda suka rubuta manhajar.

5/ Sirrin sana'ar ke nan. Tela sai ya zauna ya ɗinka kowace riga kafin a biya shi. Manhaja kuwa sau ɗaya ake rubuta ta, a riƙa gyarawa, mutum dubu su yi amfani da ita, gobe su zama miliyan. Shi ya sa a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda matasa biyu 'yan Najeriya suka kafa, a kan sama da dala miliyan 200.

6/ Ku dubi Kenya. An fara M-Pesa a 2007 a kan ƙaramar waya, don mai aiki a birni ya aika wa iyayensa kuɗi ƙauye ba sai ya ba direba ba. Matsalar gidansu suka duba. To mu mece ce tamu?

7/ Ku je kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Shanu da raguna da raƙuma na shigowa daga Nijar, ana loda dabbobi a tirela zuwa kudu. Cinikin miliyoyi ne, amma yawancin lissafin yana kan dillali ko a ɗan littafin bashi. Mutum ya yi shekara ashirin yana fatauci, banki ya tambaye shi shaida, babu.

8/ Ku ƙaddara akwai manhajar da za a ɗauki hoton dabba, a sa mai sayarwa, mai saye, dillali, farashi da la'ada, a naira ko a sefa, kowa ya samu rasit a wayarsa. Bayan shekara falke yana da tarihin ciniki da zai nuna a ba shi jari. Mai kawo dabbar sata kuma sai ya yi tunani kafin ya shigo.

9/ Ga kuma jirgin. Manomin Baure ko Sandamu mai buhu ashirin na wake ba zai cika tarago shi kaɗai ba. Dole a samu tsarin da zai haɗa kayan mutum talatin, ya kama musu wuri, ya gaya wa kowa inda kayansa suke. Wallahi wani zai rubuta wannan manhajar. In ba mu ba ne, mu za mu yi dako, wasu su kwashi riba.

10/ Kuma muna da abin da ɗan Legas ba shi da shi. Mun san in mai kaya ya ce "albarka" tayi bai yi ba, in ya ce "na sallama" magana ta ƙare. Mun san yawancin masu cinikin nan sun fi son saƙon murya da Hausa, ga ƙaramar waya, ga sabis mai ɗaukewa. Wanda ya gina a kan wannan sanin shi zai ci kasuwar.

11/ Na san abin da za ku ce: babu wuta, data ta yi tsada, kwamfuta ta fi ƙarfin ɗalibi. Gaskiya ne. Akwai ma wadda ta fi su: dillali zai ji tsoron ana so a raba shi da abincinsa, falke zai ji tsoron haraji. Manhajar da aka yi ba da shawararsu ba, ranar farko za ta mutu.

12/ Wasu kuma sun ce a koya kawai a yi wa Turawa aiki a karɓi dala. Madalla da wanda ya samu. Amma wannan gida ɗaya yake gyarawa, kuma da ya yi ƙarfi sai ya koma Abuja. Manhajar kasuwa kuwa duk wanda ya shiga kasuwar zai amfana.

13/ Roƙona ga fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar: shugabannin kasuwa suna jin maganarku, kalma ɗaya za ta buɗe wa ɗalibai ƙofa. Ƙananan hukumominmu biyar kuma, kowace ta ware ɗaki ɗaya mai sola da intanet. Bai kai kuɗin motar shugaba ɗaya ba.

14/ Attajiranmu, akwai dokar tallafa wa sabbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a 2022, ga shirin horaswa na 3MTT da aka fara a 2023. Yara suna koyo. Abin da ya rage shi ne mai zuba jari a aikinsu na farko.

15/ Mu kuma ɗalibai, aikin kammala karatu ya daina zama kwafin abin da 'yan bara suka yi. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka yi Lahadi huɗu a Mai'adua, ka zauna kusa da dillali ka ji abin da ke damunsa. Wanda ya shirya mu tafi tare ya ajiye magana a ƙasa.