“Ai tana da aiki”: maganar da muke tsallake 'yan'uwanmu da ita

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Samaru, Bomo, Basawa, Hanwa, Dogarawa, Muciya, Cikaji, Jushi da sauran mazaɓun Sabon Gari, barkanmu da warhaka. Saƙon yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Wadda karatu yake ba ta wuya, a taimaka a naɗa mata shi da murya.

Akwai maganar da ta daɗe tana damuna. Duk sanda aka ce shugabannin mata su kawo sunaye, ko na shinkafar azumi ne, ko keken ɗinki, ko ɗan jari, da an ambaci wance sai ki ji wata ta ce, “A'a Hajiya, a tsallake ta, ai tana da aiki.” Kowa ta gyaɗa kai, biro ya wuce. Ni ma na gyaɗa kan nan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, shi ya sa nake da bakin magana. Mun cuci mata da wannan kalma, kuma galibinsu masu riƙe da yara ne su kaɗai, ba miji a gida.

Bari in ba ku misali da wata baiwar Allah a Hayin Dogo, ba zan kama suna ba. Aurenta ya mutu, aka bar ta da yara uku. Tana shara da wankin banɗaki a wata makarantar kuɗi, ta fita tun sassafe, ba ta dawowa sai bayan la'asar. A da tana cikin waɗanda ake ba naira 10,000 duk bayan wata biyu. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma shi take zubawa a adashe, in ta kwasa ta biya haya. Albashinta na ciki ne kawai. Da biyan ya tsaya sai zubi ya gagara, uwar adashe ta fara aike, mai gidan haya ya fara sallama tun da asuba. Ta sayar da akuyarta, ta sayar da kwanukan da ta zo da su daga gidan aure. Babbar 'yarta da ke ƙaramar sakandare ta koma tallan awara a bakin titin Sakkwato. A cikin wannan halin ne muka zauna rubuta sunaye muka tsallake ta, don kawai kullum muna ganinta da safe ta yafa gyale ta nufi wurin aiki.

Ku tuna yadda abin ya faro. A 2016 gwamnatin tarayya ta shigo da shirye-shiryen tallafi: naira 5,000 a wata ga gidaje marasa ƙarfi, wanda akasari mace ce take karɓa, da N-Power mai biyan naira 30,000 a wata, da ƙananan rance irin su MarketMoni, da ciyar da 'yan firamare. Mu a Jihar Kaduna ma tun Janairun 2016 aka fara ciyarwar, mata da yawa suka samu aikin girki. Har dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da aka dawo da su daga Suwizalan a rabon dubu biyar-biyar ɗin nan aka zuba su. Sai abin ya fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan N-Power rukunin A da B, mutum 500,000, an sallame su a Yuni da Yulin 2020, kuma kowa a nan ta san wata bazawara da take koyarwa a firamare da wannan kuɗin. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da rabon naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. Ba a je ko'ina ba, a Janairun 2024, bayan zargin karkatar da kuɗi a ma'aikatar jinƙai, aka dakatar da minista, aka dakatar da shirye-shiryen gaba ɗaya. Daga baya an ci gaba da biyan wasu, amma ko wadda ta samu duka ukun, naira 75,000 ce, an rufe littafi. A tsakiyar wannan shekarar ta 2024 kuwa hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari.

Ban kawo wannan don in zagi wata gwamnati ko in wanke wata ba, wannan muhawarar tana da ranarta. Ina so ne mu ga cewa matar da take tsaye da ƙafa biyu, albashi da tallafi, an sare mata ɗaya a daidai lokacin da tiyar masara ta fi ƙarfinta.

Wata za ta ce ai an ƙara albashi. An ƙara, mafi ƙarancinsa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, Jihar Kaduna ta ce 72,000. To amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan aikin 'yan sa'o'i ba. Mai shara a ƙaramar makaranta, mai wanke-wanke a gidan abinci a Kwangila ko PZ, mai jiran shago a kasuwar Sabon Gari, mai aikatau a gidajen ma'aikata, duk abin da aka ga dama shi ake ba su. Ita wannan ta Hayin Dogo albashinta bai kai rabin 72,000 ba, kuma in an yi dogon hutu babu ko sisi. Mu 'yan Samaru kuma mun san abincinmu a rataye yake da jami'a. Da malamai suka yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, masu wankau da masu kitso da masu sayar wa ɗalibai abinci zaman dirshan suka yi. Su ma a idonmu “masu aiki” ne.

Sannan fita aikin kanta kuɗi take ci. Kuɗin mota zuwa da dawowa, ɗan abin da za a ba makwabciyar da ke riƙe mata yaye, abincin rana da dole ta bar wa yara kuɗinsa tunda ba ta nan balle ta ɗora tukunya. In yaro ya kwana da zazzaɓi, ko ta bar shi, ko a yanke mata kuɗin yini. Ga wani abu da ya fi ci mini rai: muna kiran taro ranar Talata ƙarfe goma na safe, ta kasa zuwa saboda tana riƙe da tsintsiya a wurin aiki, ranar rabo sai mu ce ai ba ta zuwa taro. Haba jama'a. Mun hukunta ta sau biyu ke nan, na farko don tana aiki, na biyu don aikin ya hana ta zaman benci tare da mu.

Na san abin da za a ce mini, kaya kaɗan ne, kuma wadda ba ta da komai ta fi cancanta. Ban musa ba. Tsohuwar da ba ta da mai ba ta, da mai lalura a kwance, su ne a gaba, ko yaushe. Amma mu ji tsoron Allah mu duba lis ɗin da muka miƙa bara. Duka tsofaffi ne da marasa lafiya? Babu ƙanwar wance da mijinta ke da shago biyu? Babu matar da maigidanta ke kawo cefane kullum, ita dai ta iya zuwa taro da anko? Ko a zakka, malamai sun ce wanda samunsa bai ishe shi ba yana cikin masu karɓa, ba sai wanda ke bara ba. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi ita ce, baki nawa ke ci daga hannunta, kuma wa ke taya ta.

Yanzu bari in juyo gare ki, ke da abin ya shafa.

'Yar'uwa, ki cire alat daga lissafinki na wata. In ya shigo, alhamdu lillahi, ki ɗauke shi tsintuwa, ki rage haya ko ki ƙara jari. Amma kar ki ci bashi da sunan “an ce za a biya mu wata mai zuwa.” Abin da ya rage naki shi ne ki tabbata kina da lambar NIN, kuma sunan da ke kanta ya yi daidai da na asusunki na banki, don yanzu da ita ake tantancewa. Rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa ba a sayar da fom ɗinta, jami'ai ne ke shiga unguwa su rubuta tare da mutanen unguwa. Duk wanda ya ce ki kawo dubu biyu ya sa sunanki, ko ya turo miki wani shafi a waya ya ce ki cika BVN, ko ya ce ki karanto masa lambar da banki ya turo miki, ɓarawo ne, ko da ya zo da hular siyasa. Rancen waya da na biyan mako-mako kuwa, in don cefane za ki ci, ki haƙura. Bashin da aka cinye a tuwo ba ya haihuwar abin da zai biya kansa. Adashe ya fi, sai dai ki yi zubin da albashinki kaɗai zai iya ɗauka, ki roƙi uwar adashe tun farko ta sa kwasarki ta zo daidai da watan haya. In kun kai ku biyar ko shida, ku haɗa ku sari buhu lokacin kaka ku raba, ya fi awon tiya-tiya a bazara.

Amma babbar maganar da nake so ki ji ita ce ta uban yaran. Mun saba da cewa in aure ya mutu aka bar wa mace yara, to komai nasu ya dawo kanta. Ba haka addini ya ce ba, ba haka doka ta ce ba. Ci da sha da sutura da magani a wuyan uba suke, ko da aure ko ba aure. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na Shari'a ke bi, ɗa namiji uba ke ciyar da shi har ya balaga ya iya nema, 'ya mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Samun aikinki bai sauke masa wannan nauyi ba ko da ƙwayar zarra. Barazanar nan ta “in kika kai ni ƙara zan ƙwace 'ya'yana” ita ke rufe bakin mata da yawa, alhali riƙon yara haƙƙin uwa ne matuƙar ba ta yi wani aure ba kuma tana kula da su, in ma ta yi auren, mahaifiyarta ce a gaba kafin a zo kan dangin uba.

Na san kara da kunya suna hana mu. Ba a so a ce wance ta maka uban 'ya'yanta a kotu. To ba da kotu ake farawa ba. A fara da waliyyai, in ya ƙi a je ga mai unguwa ko limami. In an daidaita, a rubuta a takarda da shaidu: nawa ne a wata, wa zai biya makaranta, wa zai biya asibiti. Ya riƙa turowa ta banki don ya zama akwai shaida, ba ya aiko yaro da ɗari biyar ran sallah ya ce yana ciyarwa ba. In duk wannan ya ci tura, alƙali yana duba ƙarfinsa ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa. 'Yan'uwanmu Kiristoci, ku ma kuna da hanya, dokar kare haƙƙin yara ta Jihar Kaduna ta 2018 ba ta ware addini ba. Rashin kuɗin lauya kar ya tsayar da ke: akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai hukumar Legal Aid ta gwamnatin tarayya, kuma tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo tana da sashen ba da shawara kyauta. Gaskiya ne akwai uban da shi ma ba shi da ko anini, kuma shari'a tana cin lokaci da kuɗin mota. Amma akwai wanda ya ƙara aure da akwati shida alhali 'ya'yansa na farko an koro su kan kuɗin PTA, irinsa nake nufi.

Wadda mijinta ya rasu kuwa, ki tambayi gadon marayunki da tumunin takabarki. Gona ko gida da baffanni suka zauna a kai da sunan “muna juya musu” shekara bakwai, lokaci ya yi da za a zauna a yi lissafi a gaban malami.

Mu kuma shugabannin mata na mazaɓu, abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Mu mayar da taro Asabar ko Lahadi bayan la'asar, ko aƙalla mu riƙa karɓa-karɓa. Wadda aiki ya tsare ranar rabo, a yarda ta turo wakiliya da katinta. In wata za ta je gaban mai unguwa ko kotu kan ciyar da yara, mutum biyu daga cikinmu su raka ta, don wallahi yadda ake sauraron mace ita kaɗai daban yake da yadda ake sauraronta in an ga dattijuwa a gefenta. Da motoci muke cika wuraren gangami, raka 'yar'uwa zuwa ƙofar mai unguwa ba zai gagare mu ba.

Kafin taronmu na gaba, kowace shugaba ta zagaya layinta ta rubuto mata masu riƙe da yara su kaɗai, har da masu fita aiki, da yawan yaran kowacce. Ban da hotuna, ban da turo sunayensu a guruf, a kawo takardar hannu da hannu don a rufa musu asiri. Ita ta Hayin Dogo hayarta za ta cika wata mai zuwa, kuma na sa sunanta a saman takardata. Wadda take da ja a kan haka ta same ni a taro mu yi magana.