Me Ya Sa Ƙarami Ke Tare Babba A Filin Ƙwallo?

Masu karatu, a filayen ƙwallo na Gwandu da Kalgo mukan ga yaro siriri ya sa kafaɗa ya tare ƙato, har ƙaton ya sha ƙasa. 'Yan kallo su ce asiri ne. Ba asiri ba ne, ilmi ne.

Tun 1687 wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa ƙarfin karo daga nauyi da gudu yake fitowa. Watau mai kilo 40, in ya ninka gudun mai kilo 80, ƙarfinsu ɗaya ne.

Sauran dabarar kuwa 'yan kokawa sun riga mu sani. Wanda ya rusuna, ya buɗe ƙafafu, ya kafa su sosai, ture shi sai da wahala, gama nauyinsa ya sauko kusa da ƙasa.

Amma mu iyaye mu lura. Ƙarfin da yaro ya buga wa wani, daidai shi ke komo masa. Kafaɗa takan jure, kai ba ya jurewa. Yaron da ya bugu a kai, yana jiri ko amai, mu fid da shi daga wasa, mu kai shi asibiti ran nan.