Zinariyar Jado da kujerun da suka zama wofi a ajinmu

Duk shekara, da an gama girbi, nakan ƙirga kujerun da babu kowa a kansu. Idan na tambayi ɗalibai ina wane, amsar ɗaya ce: ya yi arewa. Cin rani tsohuwar al'ada ce a Ƙonni, Malbaza da Illela. Kakanninmu sun je Kano, iyayenmu sun je Abijan. Amma tun 2014 hanyar ta juya zuwa hamada, kuma yaran da take kwashewa ƙanana ne, wasu ko jarrabawar BEPC ba su zauna ba. Mun yi faɗa, mun yi wa'azi, ba su tsaya ba. A ganina abin da ba mu gwada ba shi ne mu koya musu tarihin wurin da suke mafarki da yadda duwatsunsa suke.

A watan Afrilun 2014 labarin zinariya ya ɓulla a Jado, can ƙuryar arewa maso gabashin jihar Agadas. Cikin ƴan makonni dubban mutane suka cika wurin, ƴan Nijar da ƴan Cadi da ƴan Sudan. Zinariyar Jado kusa da sama take, cikin yashi da tsakuwa, shi ya sa mai na'urar gano ƙarfe kan iya tsintar dunƙule ba tare da ya yi gina mai zurfi ba. Daga nan labaran motoci da gidaje suka samo asali, kuma da yawansu gaskiya ne. A 2017 gwamnati ta sanar da rufe wurin, jama'a da dama suka karkata zuwa Cibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya, inda aka gano zinariya a shekarar 2014 ɗin.

Ga darasin da ya kamata kowane yaro ya ji. Zinariya ba ta tsirowa. Tun da daɗewa ƙwarai, ruwa mai tsananin zafi daga cikin ƙasa ya biyo tsagogin duwatsu ɗauke da ita, da ya huce sai ya bar ta cikin jijiyoyin farin dutse. Daga baya ruwa da iska suka yi miliyoyin shekaru suna cin dutsen, abin da ba shi da nauyi ya tafi, zinariya da yake tana da nauyi ta zauna. Abin da ya ɗauki wannan tsawon lokaci yana taruwa a sama, shi na farkon zuwa suka tsince, kuma ba ya dawowa. Wanda ya je daga baya sai ya bi jijiyar cikin dutse. Haka aikin Cibarakaten yake: rami mai zurfin gaba da yawa, guduma, ƙura, ruwan sha na saye wanda ake kawowa da mota daga nesa. Mai rami kan cire kuɗin abinci da ruwa da mai kafin a yi rabo, yaro kuma shi ne na ƙarshe a layi.

Haɗarin ma mun gan shi kusa da gida. A Nuwamban 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, ƙaramar hukumar Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A Zamfara kuwa, a 2010, dutsen zinariyar na ɗauke da dalma. Aka riƙa daka shi cikin gidaje, ƙurar ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Iyayen nan neman abinci suke yi, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin dutsen.

Wani zai ce, "Malam, kai kana da albashi. Ga masu digiri zaune ba aiki, ga wanda bai gama firamare ba ya dawo ya gina shago." Ban musa ba, kuma ba na zargin magidancin da damina ta ci amanarsa ya tafi neman na hatsi. Sai dai wanda ya samu kowa na ganinsa, wanda ya dawo da tari da bashi kuwa cikin ɗaki yake. Babba ya san abin da ya sa a caca. Yaro ɗan shekara 14 shekarun karatunsa yake sawa, su kuma ba a sake samunsu.

Abin sha'awa, kayan koyar da wannan darasi na ƙofar gidanmu. Dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke ƙonawa tun shekarun 1960, irinsa ne na Kalambaina a Sakkwato: laka ce da ɓawon halittun ruwa da suka taru a ƙarƙashin wani teku da ya taɓa rufe yankin nan kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A tsaunukan Adar har yau ana tsintar katantanwar da ta zama dutse. Shi ya sa ake samun farar ƙasa a wajenmu, zinariya kuma sai a tsofaffin duwatsu irin na Ayar, Liptako da kudancin Maraɗi. Yaron da ya riƙe waɗannan duwatsu biyu a hannunsa ya gane bambancinsu, dillali ba zai ruɗe shi da sauƙi ba.

Don haka ƴan uwana malamai, mu sa ɗalibai su kawo duwatsun garinsu aji, mu ware darasi ɗaya kan Jado da Ɗan Isa, mu gayyato waɗanda suka je suka dawo, mai riba da marar riba, su faɗi lissafinsu da bakinsu. Ku kuma iyaye, idan yaro ya zo neman kuɗin mota, ku tambaye shi ramin wa zai shiga, nawa ne rabonsa, wa zai ɗauko shi idan ya kwanta ciwo. In ya kasa amsawa, a bar shi ya gama shekarar karatunsa tukuna.