Bindiga Mai Sakata da Haƙƙinta a Kan Mai Ita

A wannan mako za mu duba sha'anin mutumin da ya mallaki bindiga domin harbin allo kawai, watau gwada saiti, ya kuma riƙe ta shekara da shekaru.

Bindigar da muke nufi ita ce mai sakata, wadda maharbi ke jan ƙarfen bayanta da hannu, ya fitar da kwanson harsashi, ya tura sabo, kafin kowane harbi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a irinta ita ce Lee-Enfield, wadda sojan Ingila suka fara ɗauka a 1895, mai cin harsashi 10. Ita ce kakanninmu suka rataya zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Dakarun sa-kai na arewacin Kanada sun riƙe samfurinta na 4 tun daga 1947, ba a fara musanya musu ita ba sai wajen 2018. A filin Bisley na Ingila kuwa, inda ake gasar harbi tun 1890, ta daɗe tana hannun gwanaye.

To, me ya sa wata ke kai shekara 70, wata kuwa ta lalace tun tana sabuwa? Amsar tana wajen mai ita. Tsofaffin harsasai, idan an harba su, sukan bar wani gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo laima, laima ta haifi tsatsa cikin 'yan kwanaki. Mai ba ya narkar da wannan gishiri, sai ruwa. Shi ya sa sojan da suke kwarara tafasasshen ruwa ta cikin bututun, su busar, sa'an nan su shafa mai. Katakon ma yana son nasa man, in ba haka ba ya bushe, ya saki ƙarfen, saiti ya kauce. Akwai kuma cin da ba ya da magani: zafin kowane harbi yana zaizaye mafarin bututu, har bayan dubban harsasai sai an sake shi. Mai hankali yakan rubuta adadin abin da ya harba, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta shiga da fita.

Shari'a ba ta ɗauki harbi wasan banza ba. A babin musabaƙa malaman fiƙihu sun halatta sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, malamai da yawa na baya kuma suka yi ƙiyasin bindiga a kan kibiya. Imam Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya koyi harbi sa'an nan ya watsar. A ganinmu wannan ya shafi mai bindigar da ya jingine ta shekara goma, alhali idonsa na raguwa, hannunsa ya manta nauyin kunama, amma yana ganin har yanzu shi gwani ne. Irinsa ya fi sabon shiga haɗari.

An kuma hana mayar da mai rai abin gwada saiti, an hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Sau nawa aka ji an ce, "Ai na zaci babu harsashi"? Amfanin mai sakata a nan shi ne ana iya zare sakatar gaba ɗaya a kulle ta dabam, harsashi ma dabam, musamman a gida mai yara.

Sai batun gado, wanda akan manta. Bindiga takan fi mai ita tsawon rai, amma lasin ba ya bin magaji kamar gona. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu cin harsashin .303 cikin waɗanda aka hana, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Saboda haka wanda ya tarar da irin wannan a kayan mamaci kada ya sa ta cikin rabo, ya fara sanar da 'yan sanda tukuna.