Ragon layya tun daga ciki ake kiwonsa

Jama'ar Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, mun iya turka. Da layya ta kusa, sai a ɗaure rago a inuwa, a yi ta zuba masa dussa da harawa. Tunkiyar da ta haife shi kuwa tana can daji tana tsintar kara. A ganina wannan ba dabara ba ce.

Tsoka zare-zare take, kamar igiya. Ku duba dafaffen nama, za ku gani. Masana sun gano cewa yawan zaren nan tun cikin uwa yake kammala. Bayan haihuwa zare ba ya ƙara yawa, sai dai ya yi kauri. An ga haka a jikin aladu, waɗanda Turawa da mutanen Sin suke yawan bincike a kansu. An kuma gani a jikin tumaki.

Me yake tsara ginin tsoka? Ƙwayoyin gado, wato abin da ɗa yake ɗaukowa daga uwa da uba. Akwai kuma wasu ƴan ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, sunansu maikro-RNA. Aikinsu su ce wa ƙwayar gado: dakata haka nan. Wasu masana biyu na Amurka, Victor Ambros da Gary Ruvkun, su suka gano su a 1993. An ba su kyautar Nobel a 2024.

A jikin kowace dabba akwai wani sinadari da yake yi wa tsoka dabaibayi, don kada ta wuce kima. A 2006 masana a Beljiyam suka binciki tumakin Texel, masu cinya jibgegiya. Ashe a jikinsu maikro-RNA ne yake sassauta dabaibayin. Wannan gado ne, ba a sayensa a kasuwar Cadawa. Duk mai tallar maganin da zai canza gadon dabba, ku riƙe kuɗinku.

Abin da yake hannunmu shi ne cimar uwa. Cikin tunkiya wata 5 ne, kuma a watannin farko zuwa tsakiya ake ƙera zaren tsoka. In ta sha yunwa a lokacin, ɗanta zai zo da zare kaɗan. Buhun dussar da za a ba shi daga baya, kitse zai fi ƙarawa.

Saboda haka a raba harawar wake biyu tun da kaka. A ajiye wa masu ciki rabonsu don bazara, a haɗa musu da ƴaƴan gawo, da gishiri, da ruwa mai tsabta. Kada kuma a yanka duk raguna masu faɗin ƙirji a bar ramamme yana barbara.