"Allah Ya Ƙara Basira" Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Ni Bafulatani ne haifaffen Yola. Fulfulde na sha a nono, Hausa kuwa a kasuwar Jimeta na tsince ta kafin in zo aji. Har gobe idan na yi sauri nakan ce wa mace "ya zo", 'yan ajinmu su yi ta dariya. Bara na rubuta gajeren labari na aika wa wani marubuci da nake ganin girmansa. Sai bayan wata biyu amsa ta zo, layi ɗaya tak: "Madalla, Allah ya ƙara basira." Na ce amin, amma labarin yana nan da kurakuransa.

Tun daga ranar nake tunanin Abubakar Imam. A 1933, lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya gasar ƙagaggun labarai, Imam malami ne a Midil ta Katsina, shekararsa 22, wato sa'anmu ne. Ya aika da Ruwan Bagaja. Shugaban hukumar, Dakta Rupert East, bai tsaya ga yabo ba. Ya bi rubutun a tsanake, ya rubuto masa wasiƙa yana nuna masa wuraren da ke neman gyara. A 1936 ya jawo shi Zariya, aka samu Magana Jari Ce, sannan a 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne, East ɗin ma koyon Hausa ya yi kamar ni, har ya tattara labaran tsohuwar Adamawa da Fulfulde aka buga a 1934.

Na san akwai masu cewa hannun East ya yi nauyi a kan adabinmu, ya ɗora shi bisa turbar da Turawan mulki suke so. Ban musa ba. Amma dai ya karanta, ya kuma amsa.

Saboda haka ina roƙon manyan marubutanmu na Kano da Kaduna da Zariya, don Allah idan ɗalibi ya aiko muku da rubutu, musamman irinmu na nesa da Hausa ba harshen uwa ba ce gare mu, ku ba shi ko shafi ɗaya ne na gyara. Ku ce masa nan jinsi ya ɓace, nan zance ya yi tsawo. Nawa labarin na sake kwafe shi, jibi zan miƙa wa malaminmu na adabi tare da jan biro.