Abin Da Ke Hana Kuɗi Kwana A Hannu

Duk wanda ya shiga kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram da kaka zai ga manomi ya sayar da riɗinsa, amma ba zai kama hanyar gida ba sai ya ratsa kara ya sayi tunkiya ko ɗan maraƙi. Haka nan a unguwannin Birnin Kudu, da wuya a sami mace mai sana'ar ƙuli-ƙuli ko ƙosai wadda ba ta zubin adashi. Ɗan boko kan dubi wannan ya ce rashin wayewa ne, tunda ga banki. Akwai gaggawa a cikin wannan hukunci, domin yadda mutum ke riƙon kuɗi ya fi danganta da abin da ke zuciyarsa fiye da iya lissafinsa.

Abu na farko shi ne kunya. Bahaushe ya tashi a cikin al'ummar da hana ɗan'uwa abin kunya ne, kuma kalmar marowaci ta fi mari ciwo. Idan da kuɗi a aljihu, ƙane ya zo da maganar asibiti, maƙwabci ya zo da ta suna, babu bakin cewa babu. Amma idan kuɗin sun zama tunkiya, ko suna hannun uwar adashi, mutum zai ce ba ya da su, kuma bai yi ƙarya ba. Wato ke nan dabba da adashi katanga ce da mutum ke ginawa tsakaninsa da jama'a, da kuma tsakaninsa da son zuciyarsa.

Masana halayyar ɗan'adam sun san wannan ɗabi'a. Richard Thaler, Ba'amurken da ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2017, ya nuna cewa mutane kan kasa kuɗinsu kashi-kashi a zuci, kowane kashi da sunansa. Uwar da ta ce wannan akuya ta kayan ɗakin 'yarta ce, ba za ta sayar da ita don cefane ba, alhali da kuɗi ne a ƙulle a bakin zane da tuni sun tafi.

Abu na biyu shi ne rashin amincewa da takarda, kuma wannan yana da tarihi. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta canja launin naira, ta ba jama'a ɗan taƙaitaccen lokaci su musanya. A farkon 2023 aka sake shiga ƙuncin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, har mai kuɗi a banki ya rasa na sayen magani. Sannan hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Mutumin da ya ga waɗannan da idonsa, ba a ce masa jahili don ya fi yarda da abin da ke cin dusa a gabansa.

Sai dai waɗannan dabaru suna da nasu rauni. Dabba takan mutu, ɓarawo kan kwance ta. Wanda ya kwashi adashi a ƙarshe yakan tarar kuɗin ba sa sayen abin da suka saya wa na farko. Mafi muni, kunyar da ta sa aka yi tanadin ita ce ke cinye shi: a shekara ana zubi, a ƙarar da shi a lefe da anko cikin mako guda don gudun gori, damina ta zo babu kuɗin taki, a koma cin bashi.

Saboda haka, gyara ba zai samu ta hanyar raina adashi da kiwo ba. Abin da ya kamata malamai da iyaye su koya wa yara shi ne su san zuciyarsu: me suke tsoro, wa suke jin kunya, kuma nawa wannan kunya ke ci musu a shekara. Hukumomin kuɗi kuma su gane cewa amana ake fara ginawa kafin a gina reshen banki. Wanda ya iya bambance haƙƙin zumunci da neman suna, shi ne zai taimaki ɗan'uwansa da kaka, kuma ya sami abin sayen iri idan ruwa ya sauka.